Mun yi ritaya, muna son ganin duniya ba tare da shiga ayarin kamfani ba: ta ina za mu fara?

Tambaya: Ni tsohon malamin sakandare ne a Zariya, na ajiye aiki bara. Uwargidana ma ta yi ritaya daga aikin jinya, yara kuma kowa ya kama gabansa. Muna sha'awar mu riƙa fita ganin wurare, a nan gida Najeriya da kuma ƙetare, mu biyu, ba a cikin ayarin wani kamfanin yawon buɗe ido ba. Fanshonmu ba wani mai kauri ba ne. Ni ina fama da hawan jini, ita kuma gwiwa ke damunta. Abin zai yiwu kuwa?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa wannan hutu albarka, ya ƙara muku lafiya kai da Hajiya. Zai yiwu ƙwarai. Na daɗe ina aikin yankar wa mutane tikiti da shirya musu tafiya, kuma abin da na lura da shi shi ne, ma'aikaci yana biyan kuɗi da yawa ne saboda ba shi da lokaci. Hutunsa mako biyu ne, dole ya tafi ranar da kowa ke tafiya, ya dawo ranar da kowa ke dawowa, ya tsallake garuruwa da jirgin sama don kada Litinin ta riske shi a hanya. Ku kun fita daga wannan ƙangin. Kuna iya tashi ranar Talata, ku sauka a otal lokacin da ɗakuna ke zaune babu kowa, ku jira farashi ya sauko kafin ku motsa. Saboda haka duk sauƙin da za ku nema, ku neme shi ta wajen zaɓen lokaci da rage yawan wuraren da za ku taka. Kada ku neme shi ta wajen wahalar da jiki. Motar dare, ɗaki a hawa na huɗu a otal marar na'urar hawa, jirgin da zai ajiye ku awa goma sha biyu a kan kujerar filin jirgi don an rage muku 'yan kuɗi, wannan arahar ta samari ce. A shekarunku, abin da kuka rage a nan asibiti ne zai karɓe shi, har ya nemi ƙari.

Bari in fara da kuɗin, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Garatuti ba kuɗin yawo ba ne. Ku buɗe wani asusu dabam, kowane wata idan fansho ya shigo ku zuba wani abu a ciki, ko da kaɗan ne, kuma iyakar tafiyarku ita ce iyakar abin da ke cikin wannan asusun. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ake samu a wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Ma'anar wannan a gare ku ita ce duk lissafin da wani ya ba ku na tafiyar da ya yi shekara uku da suka wuce, labari ne kawai, ba a gina kasafi a kansa. Idan kun ƙudurta fita waje, ku riƙa sayen kuɗin ƙetare kaɗan-kaɗan tsawon watanni maimakon ku jira mako na ƙarshe. In kun gama lissafin mota, masauki da abinci, ku ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai na ko-ta-kwana, ku ba Hajiya ta riƙe. Ba don wasa na ce haka ba: kuɗi ba sa zama a aljihu ɗaya a hanya, kuma ya kamata kowannenku ya iya komawa gida shi kaɗai da abin da ke jikinsa idan aka rabu a tasha ko aka yanke aljihun ɗaya.

Sai kuma tsaraba. Ita ce ɓarauniyar kasafin Bahaushe, kuma ba a cika sa ta a lissafi ba sai an je kasuwa ido ya raina fata. Ku yanke mata adadi tun daga gida, ku rubuta sunayen waɗanda za a yi wa, jikoki a gaba.

Shawarata ita ce ku fara da gida, kuma ba don gida ya fi araha kaɗai ba. Tafiyar farko gwaji ce. A nan za ku gane awa nawa gwiwar Hajiya ke iya jure zaman mota, ko Malam na iya barci a baƙon gado, wane ne a cikinku mai son kasuwa, wane ne mai son zama a inuwa ya sha shayi. Mutane kan yi shekara talatin da aure ba su taɓa kwana biyar su biyu kaɗai ba tare da yara ko baƙi ba, to gara a gano waɗannan abubuwan a Bauchi da a gano su a Makka.

Daga Zariya, zagayen da nake so ga masu irin shekarunku shi ne Jos, Bauchi, Yankari. Ku bi ta Pambeguwa da Saminaka ku hau Jos da hantsi, ku kwana biyu. Garin yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, shi ya sa sanyinsa, kuma in a Disamba ko Janairu ne ku ɗauki rigunan sanyi na gaske saboda gwiwar nan. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da kayan tarihi na tsohuwar al'adar Nok, kuma a kusa da shi akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, har da kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Mutumin Zazzau zai ji daɗin ganin yadda aka kwafi abin garinsu. Daga nan Bauchi tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, ku ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ku kwana, da safe ku kama hanyar Gombe ku ratse a Dindima zuwa Yankari.

A kan Yankari zan ɗan tsaya, don mutane da yawa kan je a lokacin da bai dace ba su dawo suna cewa ba komai a ciki sai birai. An keɓe dajin tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma dabbar da ke da irin wannan fili ba za ta zo bakin hanya ta jira ku ba. Da damina ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa kuma yana kowane kwari. Sai rani ya yi nisa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sannan dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, a lokacin ne ake da ƙarin damar ganin giwaye da ɓauna da gwanki. Zafi ne, amma fitar ta sassafe ce da ta la'asar. Ku je a tsakiyar mako, ku kauce wa hutun Sallah da Kirsimeti da ɗalibai da iyalai ke cika wurin. Motar shiga daji ana biyanta ne a dunƙule, saboda haka ku nemi wasu baƙi ku haɗa kuɗi. Ruwan ɗumi na Wikki ba ya sauya ɗuminsa dare da rana, wajen digiri 31, kuma yana yi wa gaɓoɓi daɗi, sai dai ana sauka wurinsa ne ta matakala mai tsawo. Hajiya ta sauka a hankali da sanda, sau ɗaya a rana ya isa, kuma da sassafe kafin samari su cika wurin ta fi samun sakewa. Ku rufe ƙofa da taga, gwaggon birin wurin ya san leda, ya san abin da ke cikinta.

Akwai sauran wurare na kusa da ba sa cin kuɗi: Kano da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, Daura da rijiyar Kusugu, Katsina da hasumiyar Gobarau, Sakkwato da Hubbaren Shehu. Mambila tana da kyau sosai, amma hanyar Jalingo zuwa Gembu doguwa ce, hawan dutsen kuma ba na mai hawan jini da ciwon gwiwa ba ne a tafiyar farko. Ku bar ta sai kun san ƙarfinku. Idan kuna son ganin Kudu, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa wani ɓangare: na Rigasa zuwa Idu a Abuja yana aiki tun 2016, na Legas zuwa Ibadan tun 2021, kuma a jirgin ƙasa mutum na iya miƙewa ya taka ya shiga bayi, abin da mota ba ta bayarwa. Ku sayi tikiti ta intanet da wuri, wani jika ya taya ku, kada ku faɗa hannun 'yan bumburutun tasha.

Maganar tsaro ba sai na yi muku dogon bayani ba, a jihar Kaduna kuke zaune. Ƙa'idar ita ce a tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya, a shiga mota a cikin tasha ba a bakin titi ba. Kwana ɗaya kafin tafiya ku je tashar da kanku ku tambayi direbobin layin yadda hanya take a makon nan, domin sun fi kowace jarida sanin inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. In sun yi shiru suna kallon juna, ku ɗage tafiyar, ai ba mai jiranku a ofis. Kuma ku biya kuɗin kujerun gaba, ko ku sayi kujera uku ku biyu. Wannan ƙarin yana daga cikin kuɗin da ban taɓa ganin dattijo ya yi nadamar kashewa ba.

Game da masauki, sauka gidan ɗan'uwa ko tsohon ɗalibi yana da daɗi, kuma malami irinka ba ya rasa ɗalibi a kowane gari. Amma baƙo raɓa ne, kwana biyu ya isa. Ba kyauta ba ce kamar yadda ake zato, domin za ku riƙe tsaraba, ku yi wa yaran gida alheri, sannan ku rasa 'yancin fita da dawowa lokacin da kuke so. Masaukan baƙi na jami'o'i da na ma'aikatu sukan fi otal sauƙi da natsuwa. Ko ina ne, tambaya uku kafin a biya: ɗakin a ƙasa yake, bayin na zama ne ko na tsuguno, kuma ƙarfe nawa ake kashe janareta.

Yanzu ƙetare. Ku fara da inda ba a neman biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a hukumance a watan Janairun 2025, kuma ko da yake ba a rufe zirga-zirgar jama'a ba, halin tsaro a wasu hanyoyinsu ya sa ba zan tura ku can yawon shaƙatawa yanzu ba, sai in zumunci ne a Maraɗi ko Damagaram inda akwai mai tarbarku. Rwanda ma ta buɗe ƙofarta ga 'yan Afirka ba biza, sai dai kuɗin jirgi.

Ghana ce zan zaɓa muku a fitar farko. Ana Turanci, kuma a unguwannin zango, Nima a Akara ko zangon Kumasi, Hausa za ku yi ta yi har ku manta kun bar gida: koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, masallaci a kowane lungu. Tsohuwar alaƙa ce ta fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, kuma a can Malam Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, ya yi zamansa na karantarwa har ya rasu a 1934. Daga Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ake ƙetarewa, ta Seme, ta tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao, kuma motocin da ke yin ta a yini ɗaya sukan kai dare. Ku kuwa me zai sa ku yi ta a yini ɗaya? Ku kwana biyu a Kwatano, ku kwana a Lome, sannan ku shiga Ghana da rana tsaka da sauran ƙarfinku. Benin da Togo sefa ɗaya suke kashewa, canji ɗaya ya ishe ku ƙasa biyu, sai sidi idan kun isa Aflao. A Ghana ku ware kwana biyu don Cape Coast da Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482 wadda daga baya ta zama matattarar bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Malamin makaranta ya kamata ya ga wannan wurin da idonsa.

In kuna da sha'awar ziyara, Senegal ma ba biza, kuma Kaulaha tafiyar 'yan awoyi ce daga Dakar. Sai dai tikitin jirgi tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma yana da tsada fiye da yadda nisan ya nuna, saboda harajin filayen jirgi da ƙarancin kamfanoni. Ku sa ido a kan farashi wata biyu ko uku kafin lokaci, kuma in ba taron Maulidin kuke nufi ba, ku kauce wa makonsa.

Takardu: fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma sunan da ke kansa ya yi daidai da na NIN da na tikiti harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya hana mutum hawa jirgi. Katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad, shi ne abin da aka fi tsayar da mutane a kansa a iyakokin ƙasa. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, amma wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yin ta ba, ya fara ganin likita, domin illarta ta fi yawa ga tsofaffi. Hajiya ta san wannan fiye da ni. Kada ku sayi katin bogi a bakin iyaka. Ku kuma riƙe takardar shaidar aure, musamman idan sunayenku na ƙarshe sun bambanta, wasu otal-otal sukan tambaya.

Na san Umara na ranku ko ba ku faɗa ba. A nan kalmar "mu kaɗai" tana da iyaka: bizar Umara ga mai fasfon Najeriya galibi ta hannun kamfani mai lasisi take bi, kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke ba su lasisin, don haka ku duba sunan kamfani a jerinta kafin ku ba kowa sisi. Abin da za ku iya yi shi ne ku nemi a yi muku biza da abin da dokar Saudiyya ta wajabta a haɗa da ita kawai, sauran ku tsara da kanku. Ramadan, musamman goman ƙarshe, shi ne ƙololuwar tsada da cunkoso, hutun Disamba na biye da shi. Bayan aikin Hajji farashi kan faɗi, amma a 'yan shekarun nan lokacin yana faɗowa cikin tsananin zafi. Watannin Jimada, da yanzu ke zuwa wajen Oktoba da Nuwamba, sun fi dacewa da ku: zafi ya ragu, jama'a ba su yi yawa ba. Otal na nesa da Harami mai motar kai-da-kawo ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ku tambaya a ina motar ke ajiye mutane, don wata tashar tafiya ce mai nisa zuwa ƙofar masallaci. Da gwiwa irin ta Hajiya, na fi son ku rage kwanaki ku kama na kusa. Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, kuma akwai kekunan guragu da ƙananan motocin lantarki na haya, ba abin kunya ba ne a hau. Jirgin ƙasan Haramain, da ya fara aiki a 2018, yana haɗa Makka da Madina cikin awa biyu da 'yan mintuna. Izinin shiga Rauda kuma ta manhajar Nusuk ake nemansa, ku sa a ɗora muku ita a waya tun daga gida.

Kada ku ɗauki goro zuwa Saudiyya, kuma kada ku karɓi saƙon kowa, ko da ɗan'uwa ne, sai kun buɗe kun gani. Ku tsaya a kan jakunkunanku har a auna su, ku ƙirga takardun shaidar kaya da aka manna a tikitinku su yi daidai da yawan jakunkunan. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba da ta tashi daga Kano watanni a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da wasu suka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, sai da gwamnati ta sa baki aka sake ta.

Turai da Ingila ban hana ku ba, amma ku san kuɗin neman biza ba a mayarwa in an ƙi, na ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, ya kai yuro 90 kowane mutum tun 2024, ban da inshorar lafiya ta dole da kuɗin ofishin karɓar takardu. In ba ɗa ko 'ya gare ku a can da zai gayyace ku ya sauke ku ba, kuɗin da za ku kashe a mako ɗaya a Faransa zai yi muku wata guda a Ghana.

Lafiya kuwa, ku ga likitanku wata guda kafin tafiya, ba ana gobe ba. Magani ya zama a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba, kuma ku ɗauki na ƙarin mako biyu. Idan cikin magungunan gwiwar akwai tramadol ko mai kodin, a canza shi kafin a fita, domin a Saudiyya da Masar da Dubai yana iya kai mutum gidan yari. Malam ya tafi da na'urar awon jininsa, ya kuma yi hattara da abincin otal da na hanya, gishirinsu ya fi na gida. A doguwar tafiya ku riƙa motsa ƙafa kuna shan ruwa, kada tsoron neman bayi ya sa ku ƙi sha, jini na iya daskarewa a ƙafar wanda ya daɗe a zaune. Inshorar lafiyarku ta gida ba ta aiki a waje. In za ku sayi ta tafiya, ku karanta wurin da ya yi magana a kan iyakar shekaru da cututtukan da mutum ke da su tun da, don a nan suke zamewa. Sallah kuma Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru da haɗawa, ku yi amfani da sauƙin.

Katin banki kada ku dogara da shi shi kaɗai. Bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a waje a 2022, wasu sun dawo da shi a 2025 da iyaka, saboda haka ku je reshenku ku tambaya nawa ne iyakar naku. Ku bar wa babban ɗanku kwafin fasfo da tikiti da sunayen masaukai, ku ajiye lokacin da za ku riƙa kiransa kullum. Sannan kafin ku sa ranar tashi, ku bincika yaushe ne tantance 'yan fansho na gaba a jiharku. Na ga wanda aka tsayar wa fansho wata da watanni saboda ranar tantancewa ta same shi a Kumasi.